Yaron da Ba Shi da Kujera: Dokar Bel da Kujerar Yara a Mizanin Hanyoyin Dakoro

Tsakure

Wannan takarda ta duba dokokin da ke tilasta ɗaura bel da sanya yara a kujerarsu ta musamman a cikin mota, ta kuma auna su da yadda yara ke tafiya a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi. Ta dogara ne da rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, da tarihin waɗannan dokoki a ƙasashen da suka fara kafa su, da kuma abin da ke bayyane ga kowa a tashoshi da kasuwannin yankin. Abin da ta tsaya a kai shi ne: dokar kujerar yara an gina ta ne bisa zaton cewa kowane yaro yana da wurin zamansa a mota, alhali yaron Dakoro a kan cinya yake tafiya, ko a bayan akori-kura, ko a kan tankin babur. Saboda haka takardar ta ba da shawarar a kafa dokar daki-daki, a fara da samar wa yaro wurin zama kafin a kai ga tilasta sayen kujera.

1.0 Gabatarwa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa haɗurran hanya sun kashe mutum miliyan 1.19 a shekarar 2021, kuma su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki. Motocinta ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba, amma kusan ɗaya bisa biyar na mamatan nata ne. Yawan waɗannan haɗurra ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin rage mace-mace da raunukan hanya da rabi, bayan Tarayyar Afirka ta amince da tata yarjejeniyar kiyaye haɗurra a 2016.

Nijar ta sabunta kundin dokokin hanyarta a shekarar 2014, tana kuma da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER. Sai dai a rahoton hukumar lafiyar na 2018, ƙasashe 33 kacal aka samu da cikakkiyar dokar kujerar yara, kuma Nijar ba ta cikinsu. Ma'aunin da aka bi ya ƙunshi sharuɗɗa uku: a tilasta kujerar har yaro ya kai shekara 10 ko tsawon santimita 135, a taƙaita zaman yara a gaba, kuma dokar ta faɗi irin ingancin da kujerar za ta cika. Duk wanda ya ga wannan giɓi zai iya cewa maganinsa a kwafo dokar Faransa a sa mata hannu. Tambayar da wannan takarda ke yi ita ce: in an kwafo ta gobe, yara nawa za ta ceta a kan hanyar Tibiri zuwa Dakoro?

2.0 Abin da Karo Ke Yi wa Jikin Yaro

Kafin a shiga maganar doka, ya kamata a san abin da ake son karewa. Idan mota na gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, ita ce ke tsayawa, amma duk abin da ba a ɗaure ba a cikinta yana ci gaba da tafiya da wannan gudu har sai ya bugi wani abu. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10. In motar ta tsaya cak cikin rabin mita, nauyin kowane jiki yakan ninku kusan sau 20. Ke nan jaririn da bai wuce kilo 10 ba, a wannan ƙiftawar ido fizgarsa ta kai ta buhun gero biyu. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, komai son da take yi masa. Idan ita ma ba ta ɗaure ba, jikinta ne zai matse shi da kujerar gaba.

Bel ɗin manya kuma ba domin yara aka ɗinka shi ba. A jikin babba, igiyar ƙasa tana kwantawa a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma ta bi kafaɗa da ƙirji. A jikin ƙaramin yaro ta ƙasan takan hau ciki, ta saman ta bi wuya, sai karo ya raunata hanji da ƙashin baya. Kan jariri ya yi wa jikinsa girma, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, shi ya sa ake juya kujerarsa ta kalli baya domin bugun ya bazu a gadon bayansa gaba ɗaya. Jakar iskar da ke fashewa a gaban mota, wadda ke ceton babba, tana iya kashe jaririn da aka sa a gaba cikin irin wannan kujera.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa bel na rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi, kujerar yara kuma na rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100. Amfanin waɗannan kaya ba abin jayayya ba ne. Jayayyar tana kan hanyar da za a bi su isa ga yaro.

3.0 Inda Dokar Ta Samo Asali

Bel mai maɗauri uku da muke gani a yau, injiniya Nils Bohlin ne ya ƙera wa kamfanin Volvo na Siwidin a 1959. A ƙasar ce kuma Farfesa Bertil Aldman ya fito da samfurin kujerar yaro mai kallon baya a 1964. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ce ta fara tilasta ɗaura bel a 1970. Faransa, wadda dokokinmu da yawa suka gaji nata, ta tilasta shi ga na gaba a wajen gari a 1973, ba ta kai ga na baya ba sai 1990, sannan ta tilasta kujerar yara ƴan ƙasa da shekara 10 a 1992. A Amurka jihar Tenesi ce ta fara aiki da dokar kujerar yara a 1978, sauran jihohin suka gama bin sahunta a 1985. A nan Afirka, hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya da aka kafa a 1988 ta fara kama marasa bel a watan Janairun 2003, Afirka ta Kudu kuma ta tilasta kujera ga yara ƴan ƙasa da shekara 3 a 2015.

Darasi biyu ke cikin wannan tarihi. Na farko, babu ƙasar da ta yi abin dare ɗaya. Faransa ta ɗauki shekara 19 tsakanin bel ɗin direba da kujerar yaro. Na biyu, dokar ta fara zuwa ne a inda yawancin iyalai ke da motar kansu, kowane fasinja da kujerarsa, kowace kujera da bel ɗinta, ƴaƴan gida kuma biyu ne ko uku. A kan waɗannan ginshiƙai aka ɗora ta. Idan babu su, dokar za ta kasance a takarda kawai.

4.0 Yadda Yaran Dakoro Ke Tafiya

Garin Dakoro yana arewa da Maraɗi da nisan da ya haura kilomita 100, a daidai inda ƙasar noma ke haɗuwa da ta kiwo. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar na da mutum sama da dubu 600. Binciken lafiyar iyali na wannan shekara ya nuna matsakaicin haihuwa ga mace ɗaya a Nijar ya kai 7.6, na jihar Maraɗi ma ya ɗara haka, kuma kusan rabin ƴan ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Saboda haka yaro ba baƙo ba ne a motocinmu. Wuya a ga motar da ta tashi daga tasha babu shi.

Kwaltar da ta taso daga Tibiri ta bi ta Sabon Mashi da Kornaka ita ce jijiyar gundumar. Ta rage wahala da tsawon tafiya, amma ta ƙara gudu, kuma tana ratsa garuruwan da ranar kasuwa ke cika bakin titi da mutane da bisashe da amalanke. Daga Dakoro zuwa arewa, wajen Bermo da Gadabeji, da ƙauyukan kwarin Tarka, yawanci burji ne da rairayi. A kan waɗannan hanyoyi, ta sigogi huɗu yara ke tafiya.

4.1 Motar haya

Ƙaramar bas ƙirar Hiace ita ce motar talaka. Da yawa an shigo da su ne a matsayin motocin hannu masu kujeru kaɗan ko na ɗaukar kaya, sai masu walda suka ƙara musu benci. Bencin da aka yi wa walda ba shi da bel, ba shi ma da inda za a kafa shi. A ƙananan motoci kuma ana cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, a wurin da aka tanadar wa ɗaya da uku. Bel ɗin baya ko dai an tura shi ƙarƙashin kujera, ko ya tsinke ba a sake shi ba.

Tushen matsalar a nan kuɗin mota ne. Al'adar tasha ita ce yaron da aka ɗora a cinya ba ya biya. A ɗauka kuɗin wata tafiya jaka biyu ne. Uwar da ke da ƴaƴa uku za ta biya jaka biyu in ta goya ɗaya, ta rungumi ɗaya, ta roƙi maƙwabciyar zama ta riƙe mata na ukun. In aka ce kowa sai da wurinsa, jaka takwas za ta nema. Ba jahilci ne ya sa ta zaɓi cinya ba, lissafi ne. Shi ma direba da ɗan kamasho nasu lissafin suke yi: kowane wurin da aka ba yaro kyauta ko a rahusa, kuɗin babba ne ya tafi.

4.2 Bayan akori-kura da babbar mota

Ranar kasuwa, motocin da ke shiga ƙauyuka buɗaɗɗu ne. Ana loda buhuna da awaki, mutane su hau saman kaya, mata da yara a tsakiya. A irin wannan lodi ba sai an yi karo ba. Taya ta fashe, ko mota ta kwanta a rairayi, ko direba ya kauce wa raƙumi, sai a watso na sama. Maganar kujerar yara ba ta ma taso ba a nan.

4.3 Babur

Babur, na gida da na kabu-kabu, shi ne ya fi kowane abin hawa yawa a gari da ƙauye. Ana ɗora ƙaramin yaro a kan tanki, wani a tsakanin uba da uwa, ga kuma na goye. Hular kwano mai inganci na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69, amma ko babban ya sa, da wuya a ga ta yaro. Akwai ƙasashen da suka ɗauki mataki a kan wannan: Birazil ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 10 ba a babur tun daga 2021.

4.4 Motocin gida da na ma'aikatu

Wannan rukuni shi ne mafi ƙanƙanta: motocin ƴan kasuwa, ma'aikata, sarakuna, ofisoshin gwamnati da ƙungiyoyin agaji. A nan ne kaɗai ginshiƙan dokar Turai suka cika, domin akwai wurin zama, akwai bel, akwai kuma hali. Amma a nan ma ana ganin yaro a tsaye tsakanin kujerun gaba, ko a kan cinyar direba yana riƙe da sitiyari, ana ɗaukar abin a matsayin gata.

5.0 Abin da Zai Hana Dokar Aro Aiki

Na farko shi ne tsada. Tun daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne. Kujerar da aka sayar yuro 100 a Turai, kuɗinta ya haura sefa 65,000 tun kafin a biya jigila da kwastan. Yaro kuma yakan buƙaci iri biyu ko uku kafin ya kai shekara 10. Gidan da ke da ƴaƴa biyar ƴan ƙasa da wannan shekara, ko da an ba shi kujerun kyauta, guda uku kawai bayan motar zai ɗauka.

Na biyu shi ne inganci. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya masu lamba 44 da 129 su ne ma'aunin kujerar kirki, kuma ta biyun, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta jariri ya kalli baya har ya kai wata 15. Idan aka tilasta sayen kujera ba tare da an tsare ƙofar shigowarta ba, kasuwa za ta cika da jabu da gwanjon da suka riga suka sha karo, waɗanda ba a iya gane lahaninsu da ido. Iyaye za su biya kuɗi su sami kwanciyar hankalin ƙarya.

Na uku, dokar da mafi yawan jama'a ba za su iya bi ba takan koma hanyar karɓar na goro a shingen bincike. Direba ya biya ya wuce, yaron yana nan a cinya, mutuncin doka kuma ya zube.

Na huɗu shi ne fahimta. Wasu na ganin bel zai riƙe mutum in mota ta kama wuta, alhali wanda ya ɗaure shi ya fi samun damar kasancewa cikin hayyacinsa har ya kwance kansa ya fita. Wasu kuma na cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa tawakkali bai kore riƙo da sababi ba, kuma kiyaye rai na cikin manyan manufofin shari'a.

6.0 Matakan da Takardar Ke Ba da Shawara

Mataki na farko ya zama wanda ba ya cin ko dala. A hana zaunar da yaron da bai kai shekara 10 ba a gaban mota, a hana ɗora shi a cinyar direba, a hana ɗaura bel ɗaya ga mutum biyu. Wannan abu ne da jandarma ko ɗan sanda zai iya gani daga nesa, kuma babu wanda zai ce ba shi da halin bi. Ya kamata a fara da watannin jan kunne kafin a shiga tara.

Mataki na biyu a tasha yake. Hukumomin gunduma da magadan gari su zauna da sandikan direbobi a tsayar da ƙa'ida: babba ɗaya ba ya riƙe yaro fiye da ɗaya, yaron da ya wuce shekarun goyo a ba shi wurin zama a rabin kuɗi, mata masu jarirai kuma a ba su layin tsakiya, nesa da ƙofa da gilashin gaba. Domin kada asarar ta faɗa kan direba shi kaɗai, ana iya rage wa motar da ke bin ƙa'idar harajin tasha. A motocin kasuwa, a wajabta sanya mata masu goyo da ƙananan yara a cikin kan mota ko a ƙasan bodi, ba a saman lodi ba.

Mataki na uku ya shafi motar kanta. Tun 2009 ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta yammacin Afirka, UEMOA, ta fitar da umarnin daidaita binciken lafiyar motoci a ƙasashenta. A sa bel mai aiki a kowace kujerar asali cikin sharuɗɗan cin wannan bincike, a kuma ƙayyade yadda ake ƙara benci. Masu gyaran kujeru da makanikai na Dakoro da Maraɗi za su iya koyon mayar da bel a mazauninsa na asali.

Mataki na huɗu shi ne kujerar yara, kuma a fara ta daga sama. A wajabta ta ga motocin gwamnati, na ƙungiyoyi, motocin ɗaukar marasa lafiya da ke kai yara Maraɗi, sannan motocin gida, a fara da yara ƴan ƙasa da shekara 3 kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi. A cire wa kujerun da suka cika ƙa'ida kuɗin kwastan. A kuma gwada tsarin aro ko haya, irin wanda aka yi a Siwidin da Niyuzilan, ta hanyar asibitin gunduma, inda kujera ɗaya za ta yi wa gidaje da dama aiki.

Mataki na biyar na babur ne: a hana ɗora yaro a kan tanki, a ƙayyade yawan waɗanda ake ɗauka, a ƙarfafa shigo da hular kwano daidai kan yara.

Mataki na shida shi ne faɗakarwa da tattara bayanai. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma iyaye mata na zuwa awo da rigakafi. Minti biyu na bayani a wurin ungozoma, da huɗubar Juma'a, da shirin rediyon gari cikin Hausa da Fulatanci da Tamashek, za su kai saƙon inda allon gefen hanya ba ya kaiwa. Haka kuma duk rahoton haɗari na jandarma da na asibiti ya riƙa nuna shekarun yaro, da irin abin hawan, da inda yake zaune. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi za su iya nazarin waɗannan bayanai, domin a san matakin da ya yi aiki da wanda ke buƙatar gyara.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa bel da kujerar yara suna ceton rai, amma dokarsu ta girma ne a inda kowane yaro ke da wurin zama. A Dakoro mafi yawan yara ba su da shi, kuma dalilin yana cikin kuɗin mota da tsarin lodi da irin motocin da muke hawa. Dokar da ta tsallake waɗannan ta tafi kai tsaye ga kujera za ta kare ƴaƴan masu hali ƴan kaɗan, ta bar sauran yadda ta same su. Wannan ba hujja ba ce ta naɗe hannu. Mataki na farko da na biyu ba sa jiran kuɗin waje ko sabuwar doka daga Yamai. Shugaban gunduma, da magadan gari, da sarakunan gargajiya, da shugabannin tasha za su iya zama su tsayar da su a bana. Kiran wannan takarda gare su shi ne su sa ranar wannan zama, su fara da sauko da yara daga gaban mota da kuma saman kaya.